Wasannin Ɗalibai: A Gyara Rajista Kafin A Sayo Kwamfuta

Tun lokacin da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya sa ƙarshen shekarar 2025 ya zama wa'adin da ma'aikatun tarayya za su rabu da fayil da takarda su koma gudanar da ayyukansu ta kwamfuta, zancen ya shiga bakin ma'aikata, tun daga manyan sakatarori har zuwa masinjoji waɗanda kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan shi ne hanyar abincinsu. Manyan makarantu kuwa sun riga ma'aikatu kama wannan hanya, gama tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, sa'an nan a akasarin makarantun biyan kuɗi da rajistar darussa duk ta intanet ake yinsu. Wurin da alƙalami da takarda suka sami mafaka har yanzu shi ne ofishin wasanni, watau ɗan ɗakin nan da akan jibge ƙwallaye da raga da rigunan wasa, inda malami guda da mataimakinsa suke ɗauke da dukan nauyin gasar da ɗalibai ke yi tsakaninsu.

Gasar da ake nufi a nan ita ce ta cikin gida, wadda sashe ke karawa da sashe, ko ɗakin kwana da ɗakin kwana, ko 'yan shekarar farko da 'yan shekarar fita, a ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga da ƙwallon kwando da guje-guje da tsalle-tsalle, ana neman kofin shugaban makaranta. A Amurka, inda jami'o'in Mishigan da Ohayo suka buɗe sassa na musamman domin irin waɗannan wasanni tun 1913, kwalejoji da yawa sun sallami takarda daga filin wasa. Ɗalibi yakan rubuta sunansa ta intanet a manhaja irin su IMLeagues, ran wasa kuma mai kula da fili ya zo da kwamfutar hannu mai siffar allo, wadda 'yan boko ke kira tabulet, ya duba katin kowane ɗan wasa, ya shigar da sakamako, kafin 'yan wasa su cire takalma jadawalin maki ya riga ya sake. Duk wanda ya ga wannan zai yi sha'awarsa, kuma ba laifi ba ne a yi sha'awar abu mai kyau. Abin tambaya shi ne wace cuta wannan magani zai warkar a makarantun wannan ƙasa, domin kada a sha shi don an ga maƙwabci yana sha.

Babu yankin da wannan tambaya ta fi dacewa da shi kamar arewa maso yammacin Jihar Jigawa. A Kazaure akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Kazaure, Alhaji Hussaini Adamu, wadda asalinta ya faro da Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da aka kafa cikin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, kafin daga bisani Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. A nan Kazaure ɗin har wa yau akwai cibiyar koyar da ilmin kwamfuta ta jiha, wadda jama'a suka fi sani da Informatics, da aka buɗe cikin 2001 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki bisa haɗin gwiwa da wata cibiya ta ƙasar Singafo. A Babura kuma ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya wadda Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya amince da kafa ta cikin 2021, aka kuma ware mata Naira biliyan 4 daga asusun TETFund domin fara aiki. Manyan makarantu uku ke nan na fasaha a maƙwabtaka guda. In har akwai wurin da ya kamata a gwada wannan abu a yi shi daidai, to nan ne, musamman ma Babura, wadda tarihin wasanninta yanzu ya soma, ba ta da tulin tsofaffin fayiloli da za su ɗaure mata ƙafa.

To, amma kafin kowa ya rubuta takardar neman kuɗi yana kafa hujja da cewa za a yi tsimin takarda, ya kamata ya zauna ya yi lissafi. A ɗauka sassa 16 ne suka shiga gasar ƙwallon ƙafa, aka kasa su rukuni huɗu. Kowane rukuni zai yi wasa 6, jimla 24 ke nan. A ƙara wasa 4 na zagayen 'yan takwas, da 2 na kusa da ƙarshe, da na neman na uku, da na ƙarshe, duka wasa 32. In kowane wasa ya ci takarda uku, watau jerin sunayen ƙungiyoyi biyu da rahoton alƙalin wasa, an sami takarda 96. In kowace ƙungiya ta yi wa 'yan wasa 20 rajista, kowa da fom ɗinsa, ga 320. Gaba ɗaya 416, alhali rim guda na takarda ganye 500 ne. Watau gasar da za ta tayar da makaranta tsaye wata biyu ba ta cinye rim ɗaya ba. Kuɗin kwamfutar allo guda, ko da mai araha ce, zai sayi takardar da za ta ishi ofishin wasanni shekara da shekaru. Saboda haka duk wanda ya zo da hujjar tsimi, ko bai yi lissafi ba, ko kuwa akwai wani lissafin da yake yi wanda bai faɗa ba.

Amfanin na'urar yana wani wuri dabam, kuma ya fi tsimin takarda nauyi nesa ba kusa ba.

Kowane ɗalibin da ya taɓa tsayawa bakin fili ya san sojan haya. Ran da sashe zai yi wasa mai zafi sai a ga wani dogo mai ƙafar hagu wanda ba a taɓa ganinsa a aji ba, ya sa riga mai lamba tara, ya ci biyu, ana busa tashi ya hau babur ya koma cikin gari. Wani lokaci tsohon ɗalibi ne da ya gama bara, wani lokaci ɗan wani sashe ne aka ara, wani lokaci kuwa ɗan kulob ɗin unguwa ne aka ba shi kuɗin mai. Waɗanda aka cinye su kai ƙara, a kira kwamiti, a nemo jerin sunayen da aka rubuta da gaggawa a bayan littafi, a ga lambar ɗalibi an kankare an sake rubutawa, ko kuwa a ce takardar tana aljihun alƙalin wasa, shi kuwa ya yi tafiya. Daga nan sai rantse-rantse, wani lokaci har da jifa, ƙarshenta a dakatar da gasar gaba ɗaya, ɗaliban kirki ɗari uku su rasa wasa saboda mutum ɗaya. Wanda ya fi kowa asara shi ne yaron da aka ajiye a benci domin baƙo ya buga, gama shi aka shirya gasar dominsa, kuma shi ya biya kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajistarsa.

Kada wani ya ce ai wasan yara ne. Wannan ɗabi'a ita ce ta girma ta jawo wa ƙasar nan kunya a idon duniya. Cikin 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa har shekara biyu, ta kuma ƙwace baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 da aka riga aka ba ta, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da aka gabatar a wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka gabatar musu a gasannin baya. Cikin 2016 kuma 'yan wasa 26 na ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru ana gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, ita kuwa Nijar ta fitar da Nijeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni tun 2015. Abin lura game da na 1989 shi ne ba wata na'ura mai tsada ce ta tona asiri ba. Hukumar ta adana abin da aka rubuta mata a da, ta ɗauko ta gwada da abin da aka rubuta mata daga baya, ta ga ba su yi daidai ba. Rajista mai ɗorewa ita ce ta yi aikin.

Nan ne kwamfutar allo za ta yi rana. In an ɗora mata jerin ɗaliban da suka yi rajista a wannan zango kai tsaye daga ofishin magatakardan makaranta, kowa da hotonsa da lambarsa da sashensa, to mai kula da fili zai jera 'yan wasa kafin a busa, ya dubi fuska ya dubi hoto, gaban kyaftin ɗin ƙungiyoyin biyu. Wanda ba ya cikin jerin ba zai taka fili ba, wanda kuma ya buga wa sashen injiniya ran Litinin na'urar ba za ta karɓe shi a sashen akanta ran Alhamis ba. Amma fa a lura, ƙarfin wannan tsari ba a cikin gilashin na'urar yake ba, yana cikin jerin da magatakarda ya bayar. In jerin tsoho ne, ko kuwa an bar wa ofishin wasanni ikon ƙara suna da hannunsa, an koma gidan jiya, sai dai yanzu sojan haya ya shigo da hoto mai launi. Shi ya sa aikin farko ba na kasuwa ba ne, na zama ne tsakanin magatakarda da shugaban sashen harkokin ɗalibai da malamin wasanni, su yarda a rubuce kan ranar da za a ba da jerin kowane zango da kuma wanda shi kaɗai ke da ikon gyara shi.

Ƙananan rigingimu ma za su ragu: wa ya karɓi katin gargaɗi biyu bai kamata ya buga wasa na gaba ba, wa ya fi yawan ƙwallaye in maki ya zo ɗaya, ƙarfe nawa aka ɗage wasa. Na'ura ba ta mantuwa a irin waɗannan, kuma ba ta da ɗan ɗaki.

Akwai kuma maganar tarihi, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. A shiga kowace tsohuwar makaranta a ƙasar nan a tambayi wa ya fi kowa gudun mita 100 shekara goma da suka wuce, da daƙiƙa nawa, amsar da aka saba samu ita ce a nuna wani kofi mai tsatsa a kan kabad, ko a ce a tambayi wani tsohon malami da ya yi ritaya. Takardun kuwa gara ta ci wasu, ruwan damina ya jiƙa wasu, mai ƙosai ta naɗe sauran. Ga shi kuma daga waɗannan gasanni na cikin gida ne ya kamata a zaɓi waɗanda za su wakilci makaranta a wasannin kwalejojin fasaha na ƙasa, watau NIPOGA, ko na jami'o'i, watau NUGA, waɗanda aka fara tun 1966. In babu rubutaccen sakamako, zaɓe yakan koma ga wanda koci ya sani, ko wanda ya fi baki. In kuwa akwai, yaron da ba shi da kowa sai ƙafarsa yana da shaidar da za ta yi magana a madadinsa.

Sunan allo da aka ba wannan na'ura yana da abin tunawa a cikinsa. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya tabbata karatun ya zauna a ka, domin allo wurin wucewa ne, ma'ajiya tana wani wuri. Haka ita ma kwamfutar allo. Ranar da ta faɗi ta fashe, ko aka sace ta, ko wani ya danna abin da bai sani ba, duk abin da ke cikinta ya wanku, in dai ba a kwafe shi zuwa wata ma'ajiya ba. Takarda ko ta tsufa ana iya karanta rabinta, na'ura kuwa in ta mutu ta mutu da komai. Saboda haka lalle ne a sa doka cewa kowace yamma bayan wasa a kwafe abin da aka shigar zuwa babbar kwamfutar makaranta, sa'an nan a ƙarshen kowace gasa a buga cikakken sakamako a ɗinke shi kamar littafi a kai ɗakin karatu, ya zauna tare da sauran kundayen makaranta.

Daɗin daɗawa, adadi yana da amfani a teburin kasafi. Malamin wasanni da ya shiga taron hukumar makaranta yana cewa ɗalibai suna son wasa a ƙara masa kuɗi, za a saurare shi a ce Allah ya kawo. Wanda kuwa ya shiga da takarda mai nuna ɗalibai nawa suka yi wasa a zangon, maza nawa mata nawa, daga waɗanne sassa, sau nawa aka fasa wasa don rashin ƙwallo ko raga, mutum nawa suka ji rauni, to wannan ya zo da hujjar da ma'aji ba zai iya kawar da kai daga gare ta ba. Su ma ɗalibai, ta bakin ƙungiyarsu, suna da haƙƙin su ga abin da kuɗin wasannin da suke biya kowace shekara ya haifar. Wataƙila ma wannan ne dalilin da zai sa wasu ba za su yi murna da zuwan na'urar ba.

Sai dai kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Cikin watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa rukuni na gaba da aka yi a Bauchi, ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, kowace tana neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasan da jami'an da abin ya shafa har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Da a ce alƙalan waɗannan wasanni suna riƙe da kwamfutar allo, da ta rubuta 79 ɗin nan tsaf, ta tara maki, ta fitar da jadawali ba kuskure. Abin da aka ba ta shi take riƙewa. Iyakar taimakon da za ta yi shi ne ta nuna wa ya shigar, da ƙarfe nawa, wa kuma ya dawo daga baya ya sauya. Manhajar da ba ta ajiye wannan sawu ba ta cancanci a saya ba, domin a takarda aƙalla ana ganin wurin da aka kankare.

Sa'an nan ga halin ƙasa. Cikin watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da yawa, har da Jigawa da Kano da Katsina, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wutar lantarki. Ko a ranakun da ba a yi irin wannan babbar ɗaukewa ba, kowa ya san yadda wuta take zuwa da tafiya. Ofishin da ya dogara da na'ura mai batir dole ya mallaki ɗan faifan sola nasa na caji, kuma kuɗinsa ya shiga lissafi tun farko. Haka nan sabis ɗin waya, wanda yakan yi ƙarfi a bakin titin Kano zuwa Daura ya raunana da zarar an nausa cikin ƙauyuka. Zaɓen 2023 ya koyar da darasi a nan. Na'urar BVAS ba ta bukatar intanet wajen tantance mai zaɓe, gama jerin sunaye da hotuna yana cikinta, kuma wannan ɓangare na aikinta bai jawo ƙorafi kamar ɗayan ba. Inda aka sami cikas shi ne wajen aika sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ta intanet ran 25 ga watan Fabrairu, abin da hukumar zaɓe ta danganta da tangarɗar na'ura. Da magana ta kai kotu kuwa, takardar sakamako mai sa hannun jami'i da wakilan jam'iyyu ita ce ta zauna a matsayin tushe. Filin ƙwallon makaranta ba rumfar zaɓe ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce: na'urar ta iya aikinta ko babu sabis, sa'an nan a bar takarda guda ɗaya tak a kowane wasa, mai ɗauke da sakamako da sa hannun alƙali da kyaftin biyu, a manna kwafinta a allon sanarwa inda ɗalibin da ba shi da babbar waya zai karanta. Daga takarda uku da fom ɗari uku an koma ganye ɗaya, wannan ya isa a kira shi ci gaba, ko da masu son a ce babu takarda sam ba su ji daɗi ba.

Yanayi ma ba ya sassauci. A watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, batir kuwa ba ya shiri da zafi, gilashin na'ura mai araha kuma ba ya karantuwa a tsakar rana. Da hunturu ƙura ta shiga kowace kafa. Riga mai kauri ta roba da inuwar da mai rubutu zai zauna ba ƙawa ba ne, suna cikin kayan aiki.

Babban abin tsoro dai shi ne kwangila. Da zarar an ce za a zamanantar da wani ofis, ɗan kwangila ya ji ƙanshi, sai ga takarda ta na'urori hamsin, da manhaja daga waje mai kuɗin haya kowace shekara da dalar Amurka, da taron ƙaddamarwa mai rumfa da kujeru. Bayan an watse, na'urorin su shiga sito, wasu su bi manya gida yara su yi kallo da su. Ƙasar nan ta ga yadda sayen na'ura kan riga aiki: an tanadi ɗimbin na'urorin hannu domin ƙidayar jama'a ta 2023, sai aka ɗage ƙidayar cikin watan Afrilu na shekarar, batir kuwa ba ya jiran ranar da za a bukace shi, yana tsufa ko a cikin kwali. Makarantar da filayen wasanta ba su wuce uku ba, na'ura uku ko huɗu sun ishe ta. In ma kuɗi ya yi wuya, wayar Android da ke aljihun malamin wasanni za ta iya yin gwajin farko.

Manhajar kuwa abin kunya ne a ce an sayo ta daga waje alhali ga Kazaure. Kowace shekara ɗaliban ilmin kwamfuta a waɗannan makarantu suna rubuta aikin kammala karatu, kuma sanin kowa ne cewa a ƙasar nan da yawa daga irin waɗannan ayyuka a kan kanta suke ƙarewa, ba wanda ya sake buɗe su bayan an ba da maki. Ga aiki na gaske a ƙofar ajinsu: rajistar 'yan wasa, jadawalin gasa, lissafin maki da kati, duk abubuwa ne da ɗalibin babbar difloma zai iya ginawa ƙarƙashin kulawar malami. In ta sami matsala, mai gyara yana ɗakin kwana na kusa, ba sai an jira amsar wasiƙa daga ƙetare ba. Za a kuma iya sa mata Hausa tare da Turanci, a buɗe mata gurbin langa da kokawa, waɗanda babu wata manhajar Amurka da ta san da zamansu, alhali yaran wannan yanki da su suka tashi. Makarantun uku za su iya haɗa kai su yi guda ɗaya mai kyau maimakon kowace ta yi tata, sharaɗin kawai shi ne mallakarta ta zama ta makaranta, a ajiye asalin rubutunta a sashe, domin kada ɗalibin da ya gina ta ya tafi hidimar ƙasa da ita a jakarsa.

Akwai amana a cikin wannan al'amari wadda bai kamata a yi wasa da ita ba. Na'urar za ta ɗauki hotunan ɗalibai da lambobin wayarsu, wataƙila har da bayanin lafiyarsu, kamar mai ciwon asma ko amosanin jini wanda ya kamata mai kula da fili ya san da shi. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma makarantu suna ƙarƙashinta. Ko babu doka ma, hankali ya isa ya nuna cewa a wurin da da ƙyar ake shawo kan ɗalibai mata su fito ƙwallon raga ko ta hannu, ranar da hoton ɗaya daga cikinsu ya fita daga na'urar ofis ya shiga wayoyin samari, ranar gasar mata ta mutu, iyaye kuma ba za a ga laifinsu ba. Rajistar mata ta zauna a hannun malama mace, da mabuɗin sirri nata dabam, kuma kada a ɗauki bayanin da wasa bai bukata ba.

Roni da Gwiwa suna da rabo a cikin wannan magana, domin daga makarantun sakandarensu ne ɗalibai da dama ke gangarowa Kazaure neman ilmi mai zurfi. Kowace shekara ana gasar gidaje a irin waɗannan makarantu, yara su yi gudu ba takalmi a filin da aka shata da toka ko farar ƙasa, a raba kofi da bokiti da sabulu, washegari sakamako ya bi iska. Ba wanda ke cewa a kai kwamfutar allo kowace makarantar ƙauye, wannan ɓarnar kuɗi ce. Amma in manhajar ta tsaya da ƙafarta a Kazaure, ɗaliban da suka gina ta za su iya ɗaukar na'ura guda su je ranar gasa su rubuta wa makaranta sakamakonta, da izinin hukumar ilmi ta yanki, su bar mata kwafi. Ta haka yaron da ya yi fice a gudun mita 1,500 a Gwiwa zai iso kwaleji sunansa da lokacinsa sun riga shi zuwa, koci ba zai jira sa'a ta nuna masa shi ba.

Abin da ya rage shi ne wanda ma'aikatan gwamnati suka fi kowa sani, watau canjin wurin aiki. Tsare-tsare da yawa a ofisoshin ƙasar nan mutum ɗaya ne ke riƙe da su, ran da aka ɗauke shi ko ya tafi ƙaro ilmi sai su tsaya cik, wanda ya gaje shi ya tarar da na'ura a kulle ba wanda ya san mabuɗinta. Ya kamata hukumar kowace makaranta ta sa lambobin na'urorin a littafin kayan gwamnati da ke sito, ta sa mabuɗin sirri na babban mai kula a ambulan da aka liƙe a ofishin magatakarda, ta horar da aƙalla mutum uku, sa'an nan takardar miƙa aiki ta malamin wasanni ta ƙunshi na'urori da caja da kwafin sakamakon dukan gasannin da aka yi a hannunsa. A fara da wasa ɗaya, ƙwallon ƙafa, a zango ɗaya, takarda da na'ura suna tafiya tare. In an ɗaga kofi, kwamitin wasanni ya zauna da wakilan ɗalibai a ƙirga ƙararrakin sojan haya da aka shigar a gwada da na bara, a ga sau nawa batir ya mutu ana tsakiyar wasa, daga nan a yanke shawara ko za a shigar da ƙwallon raga da guje-guje a zango mai zuwa.